Gujon Ba Sitod Ba Ne

Tun ranar da na dawo daga Maraɗi ban huta ba. In na fita sayen ƙosai a tare ni, in na je cajin waya a tare ni, har a layin alwala wani ya taɓa ni ya ce, "Nura, wai da gaske ne ka je ƙasar waje?" Da gaske ne. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk lokacin da na ba da labarin sai ragunan su ƙaru. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, kafin su fi ƙarfin motar.

Kawu Lawai ƙanin mahaifiyata ne, direban babbar mota. Sunan motar Gimbiya. Ta girme ni, kuma ina zargin ta girmi Kawu. Duk shekara in Babbar Sallah ta matso, mutanen layinmu a Hayin Banki, nan Kaduna, sukan ba shi saƙon raguna, ya je Maraɗi ya ɗauko. Bana yaron motarsa ya tafi ƙauye, mu kuma muna hutun makaranta, sai aka ce ni zan bi shi. Da muka je sallama, Kaka, wadda ta haifi Kawu, ba ta yi dogon jawabi ba. Cewa ta yi, "Lawai, duk layin nan kai suke kallo. In ka ga ba za ka iso da ragona kafin Idi ba, kada ka tsaya a Kawo, ka wuce Legas."

Abu biyu Kawu yake ji da su a duniya: Gimbiya da gashin bakinsa. Gashin bakin nan yakan riga shi shiga ɗaki. Yana da ɗan mataji na musamman a aljihun gaba, inda sauran mutane ke sa biro.

Kafin mu tashi sai da muka kai Gimbiya garejin Babana da ke bayan tashar Kawo, a canza mata manifol. Ga waɗanda ba su taɓa leƙa cikin mota ba: manifol wani ƙarfe ne mai rassa da ke manne a gefen injin, shi ke tattara hayaƙi ya miƙa wa salansa. Tsakaninsa da injin akwai wani faifai, gasket, da ke hana hayaƙin tsiyaya. Tsohon ya tsage, Kawu ya samo wani. Baba ya juya shi, ya leƙa ramukan da ke jikin injin, ya ce, "Sitod za a sa. Amma babu irinsa a nan, sai gobe in aika kasuwar Panteka."

"Gobe? Gobe ina Katsina. Yaya, sa bol kawai."

Baba da Kawu abokan wasa ne, tunda ƙanin matarsa ne, don haka ba su taɓa yin magana a miƙe ba.

"Bol kai ne da shi, kamar kai, shi ya sa ba ya jin magana," in ji Baba. "Duk murɗawar da ka yi masa haƙoran injin yake ci, kuma ramukan nan sun riga sun gaji. Sitod ba shi da kai, haƙora ne sama da ƙasa. Ka dasa shi a injin sau ɗaya ya zauna, ka rataya gasket, ka rataya manifol, ka bi da noti. In zafi ya sassauta, notin za ka ƙara wa, ba injin za ka wahalar ba."

"Tun kafin a haifi yaron nan nake tuƙi da bol."

"Tun kafin a haife shi kake kwana a hanya."

Yaran gareji suka yi dariya, abin da bai kamata su yi ba. Kawu ya fito da mataji, ya gyara gashin baki, ya ce da ƙarfi yadda har mai shayi zai ji, "Ranar da ka ga sitod a jikin Gimbiya, ka kira wanzami ya kwashe wannan." Ya nuna gashin bakin.

Baba ya ce, "Kun dai ji."

Aka sa bol. Ni aka ba riƙon manifol. Ban san ko kun taɓa rungumar ɗan maraƙi na ƙarfe ba, kuna tsaye a kan taya, wani yana laluben rami da bol, gasket yana zamewa, ana ce muku "ɗaga kaɗan, a'a sauke, kai wane irin yaro ne." Da aka gama, hannuwana sun ƙara tsawo. Har yau rigata ta makaranta ba ta kai min wuyan hannu.

Muka tashi da sassafe, an cika Gimbiya da butoci da bokitan roba da za a sauke a can. Har Jaji lafiya lau. Muna shiga Zariya na fara jin wani ɗan sauti daga gaba, tsit, tsit, tsit, kamar ana kiran kyanwa.

"Kawu, ka ji?"

"Sabon ƙarfe ne yake gaisawa da injin."

Kafin Malumfashi gaisuwar ta koma faɗa. Fat, fat, fat. Muka tsaya cin shinkafa da wake wajen wata mata mai yawan barkono, irin wadda in ka ce ya isa sai ta ɗauka kunya kake ji. Kawu ya ɗauki sifana ya ce zai duba mai. Ba mai ya duba ba. Na ji ya ce "wash," ya dawo da yatsa a baki, ya ce barkonon ne.

A Katsina muka kwana, a tasha, ni a kan bokitai. Da gari ya waye na leƙa na ga rami ɗaya babu kowa a ciki, sai baƙin hayaƙi a kewayensa.

"Kawu, bol ɗaya ya sauka a hanya."

"Dama sun yi yawa."

Daga Jibiya zuwa kan iyaka ba nisa. Ni na zaci iyaka katanga ce doguwa mai ƙofa, ko aƙalla a ja layi da farin fenti. Sandar ƙarfe ce da igiya, da wata akuya da ke shiga tana fita tsakanin ƙasashen biyu ba wanda ya tambaye ta takarda. A ɓangarenmu aka duba mu aka ce Allah ya kiyaye. A ɗaya ɓangaren wani jandarma dogo ya matso, ya sara wa Kawu, ya ce, "Bonjur, Mushe."

Kawu ya waiga bayansa. Babu kowa.

"Ni ne mushe?"

"Wi, Mushe. Takardu."

"Bawan Allah, ina zaune da raina, na yi sallar asuba, ka dube ni ka ce min mushe?"

Sai jandarman ya yi dariya, ya juya harshe zuwa wata Hausa da ta fi tawa tsabta. Ya ce a wajensu mushe girmamawa ce, kamar a ce malam, har malaman makaranta haka ake kiransu. Ya buga hatimi, ya saurari Gimbiya na ɗan lokaci, ya ce, "Kai mushe ne irin namu. Motarka ce ta kusa zama irin naku."

Kawu ya fizgi takardunsa, ya ja mota muka wuce.

A Maraɗi mun sauka a gidan wani fatoma, mai saukar da fatake, kusa da kasuwar dabbobi. Ga abin da na gani. Hausa suke yi, amma sun cire mata duk wani "f" sun ajiye. Fura hura ce, tafi tahi ne, lafiya lahiya ce. Na kwana biyu ina tsoron kada a tambaye ni sunan ƙanwata Fati. Burodinsu dogo ne kamar sanda, kuma da tauri. Da shi na kora raguna, daga baya na ci shi da shayi, bai canza ba. Shayin kuma a wani ɗan kofi ake ba ka wanda bai fi murfin kwalba ba, bayan ka jira an dafa, an juye, an mayar, an sake juyewa, har ka manta abin da kake jira. In ka shanye ka miƙe sai a ce ina za ka, saura biyu. Ɗan fatoman ya ce min su ranar Sallah ba sa soya nama kamar mu. Ragon ake baje shi a kan sanduna a jera gefen wuta, ya wuni yana gasuwa, ba mai taɓawa sai washegari. Na ce a gidanmu in aka yi haka, washegari sandunan kawai za a tarar.

Ragunan can kuwa ba raguna ba ne, shanu ne da ba su samu dama ba. Na Kaka Kawu ya fara zaɓa: rabinsa na gaba baƙi, na baya fari, kamar an tsoma shi a tawada aka fasa. Yana da wani kallo na manyan ma'aikata. Na sa masa suna Mushe.

Saura kwana biyu Sallah muka yi lodi muka kama hanya da hantsi. Ba mu yi nisa da gari ba sai muka ji gwaram! Hayaƙi ya cika gaban mota, Gimbiya ta fara ruri kamar jirgin sama mai mura. Kawu ya gangara gefen titi. Da muka buɗe, manifol ya saki, ya karkace, bol ɗaya ne kawai yake riƙe da shi, shi ma don kunya. Wuta na tsartuwa kusa da wayoyi. Ragunan baya suna tari kamar tsofaffi a masallaci.

Kawu ya kashe mota, ya jira ta huce, ya zazzage gwangwanin da yake tara tsofaffin bol. Duk wanda ya zura sai ya yi ta juyawa ba ya kamawa, haƙoran ramin sun cinye. Ɗaya kuma ya karye a ciki, ya toshe hanya. Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Kaka ce.

"Lawai, kuna ina?"

"Mun taso, Inna."

"Wannan kukan fa?"

"Ragonki ne yake gaishe ki."

"To. An share masa wuri, an sayo dusa. Maƙwabta sai zuwa suke suna tambaya."

Ya kashe wayar, ya zauna a kan dutse. Bai fito da mataji ba. A nan na gane abin ya yi tsanani.

Wani mai amalanke ya kira mana bakanike. Ya zo a kan babur, tsoho siriri, da jakar kayan aiki da ta fi shi nauyi. Sunansa Malam Isuhu. Ya leƙa, ya daɗe yana leƙe, sannan ya ce, "Wa ya ɗaura kolekte da bulon a rami irin wanga?"

A can manifol kolekte ne, bol bulon ne, sifana kile ce. Motar dai ita ce, amma komai na jikinta ya canza suna tun daga iyaka.

"Wani bakanike ne a Kaduna," in ji Kawu.

Na ce, "Babana ne, amma ai shi cewa ya yi..." Kawu ya taka min ƙafa.

"Babu abin da zai riƙe wanga sai gujon," in ji Malam Isuhu.

Fuskar Kawu ta washe. Ya dube ni. "Ka ji ko? Gujon. Aikin Faransa. Ubanka yana can yana ta sitod, sitod, duniya ta wuce wurin. Malam, a sa gujon, ko guda nawa ne."

Malam Isuhu ya ce shi zai zauna ya ciro wanda ya karye ya gyara ramukan, ni in hau kabu-kabu, wato acaɓa, in je bakin kasuwa in ce a ba ni gujon, Isuhu ya aiko ni.

Ina so a rubuta cewa na faɗi kalmar daidai. Iska ce ta kwashe ƙarshenta. Mai kabu-kabu ya ce ya gane, ya kai ni wata rumfa inda mata suka jera tire-tire.

"Inna, gujo... ake sayarwa a nan?"

"Gujiya? Ga ta, ɗiyana. Soyayya ko ɗanya?"

Na duba. "Inna, wannan ai gyaɗa ce."

"Gujiya ce."

"A Kaduna gujiya daban, gyaɗa daban."

"Nan Kaduna ce?"

Na tsaya na yi tunani irin na mai ilimi. Ƙasar da ake kiran mutum mushe don girmamawa, ake kiran gyaɗa gujiya, me zai hana a gyara mota da gyaɗa? Wataƙila man ake matsewa a ramin. Na ce a ba ni soyayya, don ta fi mai.

Da na dawo rana ta take. Na miƙa wa Malam Isuhu ƙullin. Ya kwance, ya duba, ya dube ni, ya ɓare ɗaya ya jefa a baki.

"Ta yi daɗi," ya ce. "Ina gujon?"

Kawu bai doke ni ba, saboda hannuwansa duka biyu suna riƙe da bokiti yana ba raguna ruwa. Zafi ya fara cin su. Biyu sun kwanta, Mushe yana haki, harshe a waje, kallon manyan ma'aikatan ya tafi. Na karɓi bokitin ba tare da an sa ni ba, wanda a tarihina ba a taɓa gani ba. Malam Isuhu ya hau babur ya tafi da kansa.

Ya dawo da wani ƙunshi a tsumma. Ya shimfiɗa a kan taya ya buɗe. Ƙarafa ne gajeru, babu kai, haƙora sama da ƙasa, ga notinsu a gefe.

Na duba. Kawu ya duba. Hannunsa ya tafi wajen gashin baki da kansa.

"Kawu, wannan ai sit..."

"Gujon ne."

"Amma irinsa Baba ya ce a..."

"Nura. Malam ya ce gujon. Kai ka fi shi sanin sunan kayansa?"

Ya ja Malam Isuhu gefe, amma ina jin su. "Malam, babu bulon mai ɗan tsawo? Mai kai?"

"Akwai. Zai kai ku iyaka. Daga nan sai ku yi Sallah da jandarmomi, ga raguna kun kawo musu."

Daga bayan mota Mushe ya yi wani tari mai tsawo. Kawu ya kalli inda tarin ya fito, ya kalli ƙarafan, ya shafa gashin bakin daga wannan gefe zuwa wancan, a hankali, kamar mai sallama da ɗan'uwa a tasha.

"A sa," ya ce.

Malam Isuhu ya riga ya ciro karyayyen, ya sake yanka haƙora a ramukan. Ya ɗaura noti biyu a kan kowane gujon ya matse su da juna, ya kama na saman da kile ya murɗa har ƙarfen ya zauna a injin, sannan ya kwance notin. Da ya gama, suka fito a jere kamar ƙusoshin rataye kaya. Ya rataya gasket a kansu, gasket ya zauna. Na shirya hannuwana, na yi musu addu'a, na ɗaga manifol. Ya ce in tura. Na tura, ya shige, ya ce in saki.

"In saki?"

"Saki."

Na saki. Bai faɗi ba. Yana nan a rataye shi kaɗai, ba mai riƙe da shi, ba mai zagin kowa. Na ji haushin duk wahalar da na sha a Kawo. Malam Isuhu ya bi da noti, daga tsakiya zuwa gefe-gefe, kaɗan-kaɗan, yana cin gyaɗata. Ya ce in mun kai Katsina injin ya huce, a ƙara wa kowane noti kaɗan, shi ke nan.

Kawu ya tayar da mota. Shiru. Wato Gimbiya tana aiki, amma har ana jin kukan tsuntsu. Ban taɓa sanin rediyon motar yana yi ba sai ranar.

A iyaka jandarman nan ya saurara ya ce, "Mushe, ka canza mota?" Kawu ya sara masa. A Katsina na ƙara wa notin da hannuna. Daga Malumfashi har Zariya darasi ɗaya Kawu yake min.

"Me aka sa wa Gimbiya?"

"Gujon."

"Wa ya ƙera shi?"

"Faransa."

"Ya yi kama da wani abu da ka sani?"

"Ko kusa."

Ranar jajibiri da la'asar muka shigo Hayin Banki. Yara suka biyo mu da gudu, kowa ya fito da igiya. Ba rago ko ɗaya da ya rage a hanya. Na ja na Kaka har ƙofar ɗakinta na ce, "Kaka, ga Mushe na kawo miki." Ta jefe ni da muciya kafin in yi bayani.

Baba yana tsaye a bakin layi, hannu a baya. Bai kalli raguna ba.

"Lawai, motarka ta yi shiru."

"Hanya ce ta gyara ta."

"Buɗe in gani."

Kawu ya buɗe. Baba ya leƙa. Yaran gareji da suka biyo shi suka leƙa ta bayansa. Mai shayi ma ya zo.

"Mene ne waɗannan?"

"Gujon."

"Gujon."

"Na Faransa. Ba a samunsa a nan. Tambayi ɗanka."

Baba ya dube ni. Na ce, "A can haka suke kiransa." Wannan ita ce magana mafi gaskiya da na taɓa yi, kuma ba ta taimaki kowa ba.

"Kuma ko ma mene ne," Kawu ya ƙara da sauri, "ni mai niyyar layya ne. Aska ba ta taɓa ni sai an yanka."

"Wa ya yi maganar aska?" in ji Baba. Ya rufe motar a hankali. "Allah ya yi wa gujon albarka."

Washegari aka sauko Idi, aka yi yanka, gida ya cika da hayaƙin suya. Baba bai kira wanzami ba, ni shaida ne. Wanzamin ne kawai ya zo yi wa Baba barka da Sallah, da zabirarsa, ya zauna a kan benci daidai ƙofar da Kawu zai shiga, ya yi ta wasa aska yana gaishe da mutane.

Bayan azahar wani mutum ya yi sallama a tsakar gida. Muryar na sani, fuskar ce ban sani ba. Tsakanin hancinsa da leɓensa akwai wani fili fari tas, wanda rana ba ta taɓa gani ba tun kafin a haife ni.

"Sunna ce," ya ce, tun ba a tambaye shi ba.

Kaka ta ɗago daga kan kaskon suya, ta ƙare masa kallo, ta juya wajen mahaifiyata.

"Ɗan gidan wa ne wannan? Ba shi nama ya tafi, muna jiran Lawai."

Matajin yana wajena yanzu. Duk mai son gani ya same ni a gareji, inda tun ranar ba wanda ya sake cewa sitod. Ko Baba, in yana ƙarƙashin mota, hannu yake miƙowa ya ce, "Nura, ba ni gujon. Ba soyayya ba."